Na-Ajiye da Fayilolin Uwar Garke

A asibitin dabbobin da ke bayan tashar mota, in ka wuce ɗakin jira inda raguna da karnuka ke hararar juna, ka bi wani siririn lungu mai warin maganin kaska, za ka tarar da ƙofar sito. A cikin siton akwai kantar magunguna, da buhunan abincin kaji uku ko huɗu, da ɗan ƙaramin tebur, da wani mutum mai furfura jefi-jefi da ake kira Na-Ajiye. Shekararsa goma sha huɗu a asibitin, kuma bai taɓa sa hannu a jikin dabba da gangan ba.

Sunan ba a asibitin ya samo shi ba. Mahaifinsa mai yankan makulli ne a bakin kasuwa. In ka kawo masa makulli ka ce ya yanka maka ɗaya, sai ya yanka biyu, ya miƙa maka ɗaya, ya rataye ɗayan a ƙusa, ya ce za ka dawo. Kuma suna dawowa. Abin da tsohon ba ya yi shi ne rubuta na wane ne wanne, don haka duk wanda ya yar da makullinsa sai a ba shi dami guda ya tafi gida ya yi ta gwadawa har ƙofa ta buɗe.

Ɗan bai gaji sana'ar ba, halin ya gada. Ya koyi buga tafireta, ya kafa tebur a gaban gidan waya yana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki, kuma ba ya buga ko layi ɗaya sai ya sa takardar kabon a ƙasa. Mutum zai dawo bayan shekara yana cewa ruwa ya ci takardarsa, shi kuwa ya buɗe akwati ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce, "Na ajiye." Tun ana tsokanarsa da kalmar har ta zama sunansa, har mahaifiyarsa ta koma kiransa da ita.

Da ya ga yarinyar da yake so, wata mai ɗinki da shagonsu ke tsallaken titi, sai ya zauna ya buga mata wasiƙa shafi biyu. Saboda rawar jiki ya miƙa mata ta kabon, ya adana ta ainihin. Ta duba rubutun nan shuɗi-shuɗi mai dishi-dishi, ta juya takardar, ta dube shi.

"Wannan ai ta biyu ce," in ji ta. "Wa ka ba ta farkon?"

Sati uku ya yi yana bayani. Sai da ya kawo ta ainihin a cikin fayil mai igiya, ta haɗa su gefe da gefe ta tabbatar ba a canza suna ba, sannan ta yarda ta saurare shi. Haihuwarsu ta fari 'yan biyu ne mata, kamarsu ɗaya sak. Babu wanda ya yi mamaki. Abokansa cewa suka yi ai dama sun san ba zai yarda da guda ɗaya ba. Tun daga nan ake kiran matar Maman Biyu.

Da tafireta ta daina kawo mutane, sai ya samu aikin rubuta katunan dabbobi a asibitin. Likitar da ke da wurin doguwar mace ce mai saurin tafiya da saurin yanke magana, wadda kan zura hannu a bakin kare tana amsa waya da ɗaya hannun. Akwai kuma wani ƙaton mutum da ke riƙe mata dabbobi in za a yi allura, ana ce masa Sarkin Kamu. Muryarsa siririya ce kamar ta mai jin kunya, kuma ba ya kama rago sai ya ba shi haƙuri tukuna.

A satinsa na farko wani talotalo ya bi Na-Ajiye daga teburinsa har bakin titi, yana riƙe da biro a hannu. Washegari ya ja teburin zuwa sito, ya ce a can haske ya fi kyau. Siton ba shi da taga. Likita ta dube shi, ta dubi siton, ta ƙyale shi.

A shekararsa ta biyar aka kawo na'urar. Wani gajeren mutum mai gilashi, mai haɗa kwamfutoci, ya zo da baƙin akwati da bai fi kwalin takalmi biyu ba, ya nemi wurin da kare ba zai yi masa fitsari ba, aka nuna masa sito. Ya ce sunanta saba. Sarkin Kamu ya tambayi aikinta, aka ce masa ita ce sauran kwamfutocin asibitin ke bi, ita ke riƙe katunan dabbobi, ita ke ba firinta umarni, ita za ta riƙa aika wa masu dabbobi saƙon waya in lokacin allura ya yi.

"Ashe uwar garke ce," in ji Sarkin Kamu. Sunan da ya bi ta ke nan.

Tunda Na-Ajiye ne mazaunin sito, shi aka damƙa wa ita. Mai Gilashi ya yi kwana uku yana koya masa.

"Abu biyu ne a cikinta," in ji shi. "Katunan dabbobi ba ruwanka da su, ita da kanta take kwafe su kullum zuwa wancan faifan. Amma ka ga wannan folda? Fayilolin saiti ne a ciki. Su ne hankalinta. A nan aka rubuta sunan firinta, da wanda ke da izinin shiga, da jerin mutanen da za ta aika wa saƙo, da lokacin aikawa. In suka lalace, katunan suna nan, amma ba za ta san hanyar zuwa wurinsu ba. Saboda haka kafin ka taɓa komai a ciki, ka kwafi foldar gaba ɗaya ka ajiye. In ka gama, ka sake kwafa."

Na-Ajiye ya ji hawaye na neman zuwa masa. Tunda yake ba a taɓa ba shi umarnin da ya yi daidai da zuciyarsa haka ba.

A rana ta uku suka yi gwajin saƙo. Mai Gilashi ya ce ya shigar da lambobin waya uku, kowaɗanne, don a gani ko yana aiki. Na-Ajiye ya sa na matarsa, da na yayansa, da na surukarsa, wadda kowa ke kira Inna, don su ne lambobin da ya haddace. A gurbin sunan dabba bai fahimta ba, sai ya sake rubuta sunayen mutanen. Mai Gilashi, da yake sauri yake ya kama mota, ya cike sauran guraben da duk abin da ya zo masa, ya saita saƙon ya riƙa fita bayan kowane minti biyar don kada su yi ta jira. A lokacin ba a sa layin waya a na'urar aika saƙon ba, don haka a fuskar kwamfuta kawai rubutun ya bayyana, suka ga yana fitowa, ba wanda ya tsaya karantawa. Gwaji ya yi kyau. Na-Ajiye ya kwafi foldar, kwafinsa na farko a duniya, ya sa mata suna saiti-mai-kyau-sosai. Daga baya Mai Gilashi ya mayar da komai kan jerin masu dabbobi na gaske, ya sa layin waya, ya tafi. Bayan wata biyu aka ji ya bar ƙasar.

Shekara tara Na-Ajiye yana kwafa. An canza firinta, ya kwafa kafin da bayan. An ɗauki sabuwar ma'aikaciya, ya kwafa. Ta bar aiki, ya kwafa. Wani lokaci ba a canza komai ba, zuciyarsa ce kawai ba ta kwanta ba, sai ya kwafa. Sai dai kwanan wata ba ya zama a kansa. Abin da ke zama shi ne abin da ya same shi a ranar, kuma da shi yake sa wa kwafin suna. Akwai saiti-ranar-hakori. Akwai saiti-bayan-silin-ya-fado. Akwai saiti-da-akun-nan-ya-zage-ni, don wani aku da aka kwantar kwana huɗu ya koyi sunansa ya riƙa haɗa shi da wata kalma da mai akun ya rantse ba a gidansa ya ji ta ba. Akwai saiti-na-gaskiya, da saiti-na-gaskiya-2, da saiti-wallahi-wannan-ne, da saiti-kar-a-taba har guda shida.

Filashi uku yake da su na ajiye kwafin. Ɗaya a aljihun gaba, ɗaya a gida cikin gwangwanin maɓallan Maman Biyu, ɗaya a saman kantar magunguna bayan kwalaben da ba a amfani da su. A ƙarshen shekara ta tara ya sayo manya sababbi, ya juye komai a cikinsu lokaci guda, ya ba 'yan biyu tsofaffin. Da ya duba sai ya ga kwanan watan da kwamfuta ke nunawa a gefen kowane kwafi ya koma na ranar juyewar, dukkansu iri ɗaya, reras kamar 'yan makaranta a layi. Abin ma burge shi ya yi.

A duk shekarun nan bai taɓa mayar da ko ɗaya ba. Ba a taɓa buƙata ba.

Ranar da aka buƙata Talata ce. Da safe ya sa Uwar Garke ta sabunta manhajojinta kamar yadda yake yi lokaci-lokaci, aikin da bai taɓa ba shi matsala ba. Tana cikin yi aka kira shi daga makarantar 'yan biyu. Ɗaya daga cikinsu ta mari wata, malamai sun kasa gane wacce, su kuma kowacce ta ce ita ce. Ya bar na'urar tana aiki ya fita.

Can Likita ta shiga sito ɗaukar sirinji, ta ga rubutu a fuskar kwamfuta yana jiran amsa. Tambaya ce: a bar tsohon saiti, ko a sa sabo? Likita ba ta barin tambaya a tsaye, kuma a ganinta ba a haɗa tsoho da sabo a ce mutum ya zaɓa. Ta danna sabo, ta ɗauki sirinjinta ta fita.

Ƙarfe goma ya dawo ya tarar ɗakin jira ya cika. Firinta ta yi shiru. Kwamfutar Likita ta ce ba ta san wani kati ba. Wani mutum mai zomaye goma sha biyu yana ta rantsuwa cewa fari mai baƙin kunne ne aka yi wa allura wancan watan, matarsa tana cewa baƙi mai farin kunne ne. Likita ta gaya masa abin da ta danna, tana ɗaure ƙafar wani kare.

Na-Ajiye bai tsorata ba. Hasali ma wani daɗi ne ya ziyarce shi. Shekara tara yana jiran wannan rana. Ya gyara wuyan rigarsa, ya dafa aljihun gaba, ya ce da murya yadda har masu jira za su ji, "Na ajiye."

Ya shiga sito, ya soka filashi, ya buɗe. Kwafi ɗari biyu da goma sha biyu suka jeru a gabansa, dukkansu da kwanan wata ɗaya. Ya gangara ƙasa, ya hau sama, ya sake gangarawa. Ya san na ƙarshe yake nema. Wanne ne na ƙarshe? Haƙorin nan sau biyu ya yi ciwo. Silin ɗin bai tuna ko kafin akun ya faɗo ko bayansa ba. Gumi ya fara bin bayan kunnensa. Daga waje Likita ta ce, "Minti nawa?"

"Biyu, Likita."

Idonsa ya faɗa kan saiti-mai-kyau-sosai. Ya ce a ransa, mutum ba ya sa wa abu irin wannan suna a banza. Ya kwafe shi ya ɗora a gurbin wanda ya lalace, ya kashe Uwar Garke ya kunna. Firinta ba ta motsa ba. Amma 'yar fitilar na'urar aika saƙo ta fara ƙiftawa, ta yi kore, ta sake ƙiftawa. Ya ɗauka alamar samun sauƙi ce, ya zauna yana jiran sauran jikin ya farfaɗo.

Bayan kamar minti ashirin wayarsa ta yi ƙara. Yayansa ne, tsohon direban babbar mota da ya yi ritaya, mutumin da ko gobara ake yi ba ya ɗaga murya.

"Ƙanena, kana lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Ina cikin ɗan aiki ne."

"Na gani. Dama tambaya zan yi, ƙarfe nawa zan zo?"

"Ina?"

"Wurin naku. Saƙo ya shigo min sau huɗu. Bari in karanta maka." Aka ji yana gyara tabarau. "Asibitin dabbobi na gaishe ku. Lokacin fiɗiyar Yaya, bunsuru, ya wuce da kwana dubu uku da ɗari biyu da casa'in da ɗaya. A zo da shi da igiya mai ƙarfi." Sai ya ƙara da cewa, "Ni dai 'ya'yana bakwai, ban ƙi ba. Amma da ka fara gaya min baki da baki."

Na-Ajiye bai san lokacin da ya tashi ba. Ya yi tsalle ya fizge wayar na'urar saƙon daga bango, buhun abincin kaji ya kife. Yana tsaye da waya a hannu, ƙwayoyin abinci na gangara kan takalminsa, sai ya tuna lambobi uku ya sa a gwajin nan.

Bai jima yana tunani ba. Sarkin Kamu ya leƙo, ya ce a hankali, "Kana da baƙi. Sun ce ba sauri suke ba, za su bi layi."

A ɗakin jira, tsakanin wani rago mai tari da wata mata mai kyanwa a kwando, Inna ce zaune da sandarta a kan cinya, ta sha mayafinta na fita unguwa. Maman Biyu na tsaye a gefenta, da tef ɗin awo har yanzu a wuyanta. Inna ba ta ganin ƙananan rubutu, don haka da saƙon ya shigo ta miƙa wa wata malamar makaranta da ke haya a gidanta ta karanta mata, a tsakar gida, a gaban mata huɗu masu wanki.

Na-Ajiye ya durƙusa har ƙasa, abin da bai taɓa yi a ɗakin nan ba saboda dabbobi. Ragon ya sunsuni hularsa. Bai motsa ba.

"Inna, ina kwana."

"Lafiya lau, ɗana. Ya aiki?"

"Da godiya, Inna."

"To madalla. An ce a zo da ni a ɗaure, ban samu igiya ba, sai na zo da ƙafata. Kuma ban karya ba, kamar yadda aka ce." Ta miƙa wa 'yarta wayar. "Karanta masa, ko ya manta abin da ya rubuta."

Maman Biyu ta karanta ba tare da ta dube shi ba. "Lokacin bai wa Inna, tunkiya, maganin tsutsa da yankan kofato ya wuce da kwana dubu uku da ɗari biyu da casa'in da ɗaya. A zo da ita a ɗaure, kada a ba ta abinci da safe."

Mai zomaye ya juya fuskarsa bango. Mai kyanwa ta cusa mayafi a baki. Daga ɗakin duba dabbobi aka ji wani sauti kamar ana tsiyaya ruwa daga tulu, Likita ce ta jingina da ƙofa tana ƙoƙarin danne dariya.

"Ni kyanwa ce," in ji Maman Biyu. "Allurar hauka za a yi min. Wannan za mu yi maganarsa a gida."

Sarkin Kamu ya matso ya russuna. "Inna, ni dai ba zan kama ki ba. Ko an ce in kama."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Inna. Ta dubi surukinta da ke durƙushe. "Tashi. Ɗiyata ta ce ba kai ba ne, wata na'ura ce. Kai ni in ga wadda ta san kofatona ya yi tsawo."

Haka aka ɗunguma sito. Aka ba Inna kujerarsa, Likita ta aika a kawo mata shayi da burodi. Inna ta daɗe tana kallon baƙin akwatin, ta ce ta zaci ya fi haka girma. Na-Ajiye ya yi bayani yana in'ina: gwajin shekara tara da suka wuce, da kwafi ɗari biyu da goma sha biyu, da yadda ya kasa gane na ƙarshe. Maman Biyu ta sunkuya kan kwamfutar tana karanta sunayen. Fuskarta ta fara canzawa.

"Silin ɗin nan ai shekarar da 'yan biyu suka yi ƙyanda ne," in ji ta. "Haƙori na farko kafin mu tashi daga tsohon gida, na biyu bayan ka sayar da babur. Wannan na ranar da ka faɗa kwata, watan da ƙanwata ta haihu." Ta ɗago. "Me kuke nema takamaimai?"

Likita ta ce abu na ƙarshe da aka canza shi ne firinta, wajen wata bakwai ko takwas da suka wuce. Ta tambayi Na-Ajiye, me ya same shi ranar da aka kawo sabuwar firinta? Na-Ajiye ya rufe ido ya matse goshi. Babu komai.

"Ni na sani," in ji matarsa. "Ranar ka dawo da tawada tun daga aljihu har gwiwa, a farar rigar da na yi kwana biyar ina ɗinkawa. Kwana uku ban yi maka magana ba."

Ta ci gaba da gangarawa, sai hannunta ya tsaya. Ta karanta a fili, ɗaya bayan ɗaya. Saiti-ta-daina-min-magana. Saiti-ta-daina-min-magana-kuma. Saiti-ta-daina-min-magana-har-yanzu. Saiti-ta-daina-min-magana-ban-san-dalili-ba. Guda goma sha ɗaya ne, ban da 'yan'uwansu masu kafin da bayan.

"Wato ni ce kalandarka."

"Don kada in manta ne, Maman Biyu."

"Kuma ba ka san dalili ba. Wannan na ban-san-dalili-ba, ka zauna a kan keken ɗinkina ka karya masa ƙafa."

Sarkin Kamu ya ce bari ya je ya duba ragon nan mai tari. Likita ba ta je ko'ina ba, ta ma jawo buhu ta zauna.

Aka rubuta sunaye goma sha ɗayan a bayan tsofaffin katuna, aka shimfiɗa a ƙasa. Maman Biyu ta riƙa ɗauka tana faɗin laifin da shekararsa, tana ajiyewa gefe. Na makullin gida da ya kai wa Inna ajiya ya manta. Na firiji. Na ranar da ya kai 'yar biyu ɗaya asibiti alhali ɗayar ce ke zazzaɓi. Aka rage biyu. Maman Biyu ta ce na tawada shi ne har-yanzu. Inna ta ajiye kofin shayinta.

"A'a. Har-yanzu na firiji ne karo na biyu. Na tawada kin zo gidana kina kuka da rigar a leda, ina kwance an yi min aikin ido. Na ce ki koma ki yi masa magana, kika ce ba za ki yi ba, amma yana mura, za ki dafa masa abin zafi. Karanta min ɗayan."

Maman Biyu ta ɗauki katin ƙarshe. Muryarta ta ɗan sauka. "Saiti-ta-daina-min-magana-amma-ta-ba-ni-shayi."

"Shi ne," in ji Inna, ta ci gaba da cin burodinta.

Na-Ajiye ya kai hannu zai ɗora, Likita ta riƙe masa hannu. Ta ce yau ta koyi hankali da danna abu. Ba za a iya buɗe shi a karanta ba tukuna? Ya buɗe wanda ya kwafa bayan canjin firintar, ya gangara, ga sunan sabuwar firinta nan a layi na goma sha huɗu, ga jerin masu dabbobi na gaske, ga saƙo sau ɗaya a rana. A lokacin ne ya gane cewa tun ƙarfe goma da ya sa kwamfutar ta nemo masa kwafin da ke ɗauke da sunan firintar, da ta nemo cikin daƙiƙa biyar. Ya dubi matan uku, ya ga ba wadda ta lura, ya bar abin a cikinsa.

Ya kwafi wanda ke kai tukuna, don hannunsa ba zai yarda ba. Sannan ya ɗora na shayi, ya kashe, ya kunna. Kowa ya kasa kunne. Daga can gaba firinta ta yi gyaran murya, ta fara aman takardun da aka tura mata tun safe, arba'in da wani abu, har da guda tara da Likita ta yi ta turawa cikin fushi. Aka duba katin zomaye. Fari mai baƙin kunne ne. Matar mai zomaye ta ce kwamfutar ce ba ta warke ba.

Saura jerin gwajin, wanda ashe yana nan a kashe a ƙasan saitin tun shekara tara. Likita ta ce a goge shi yanzu a gabanta. Na-Ajiye bai taɓa goge komai ba a rayuwarsa, yatsansa ya yi ta shawagi a kan maɓallin. Ya goge Yaya da ƙyar. Ya goge Maman Biyu tana tsaye a kansa. Da ya zo kan Inna, sai ta ɗaga sanda.

"Bar ni a ciki. Ka dai cire tunkiyar da kofaton. Wayar nan wata uku ba wanda ya aiko min komai sai masu talla. Ka sa ta riƙa tuna min awon hawan jini."

Ya gyara. Tun daga nan, ranar ɗaya ga kowane wata, saƙo na shiga wayar Inna daga asibitin dabbobi, malamar makaranta ta karanta mata, ta sa mayafi ta tafi asibitin mutane. Ma'aikatan can sun ce ba su da mai zuwa kan lokaci kamarta.

Likita ta kafa dokoki uku. Kowane kwafi a fara sunansa da kwanan wata, abin da ya biyo baya ba ruwanta. Asabar ɗin farko ta kowane wata, da safe kafin a buɗe, a ɗauki kwafin ƙarshe a mayar da shi kan wata tsohuwar kwamfuta a ga ko yana tashi, ba tare da layin waya a kusa ba. Na uku, a koya wa mutum na biyu, don ba za ta sake zama da asibiti guda a aljihun gaban mutum ɗaya ba.

Mutum na biyun Sarkin Kamu ne. Asabar ta farko yatsansa ɗaya ya riƙa danna haruffa uku a lokaci guda, sai da aka ba shi fensir ya riƙa dannawa da gindinsa. Yana yi yana ba Uwar Garke haƙuri, yana ce mata yanzu za a gama, ba zafi. A Asabar ta uku ya mayar da saitin shi kaɗai cikin minti shida, ya kuma gano cewa filashin da ke saman kantar magunguna ya daɗe da mutuwa, wani maganin ya tsiyaye a kansa.

Da aka ga haka, Likita ta tilasta wa Na-Ajiye hutun sati guda, na farko da ya taɓa ɗauka cikakke. Ranar farko ya kira asibitin sau tara. A kira na goma Likita ce ta ɗauka, ta ce Uwar Garke lafiyarta ƙalau, Sarkin Kamu ya share mata ƙura har ya sa mata ƙyalle, kuma in ya sake kira za ta aiko masa da talotalo gida ya yi jinya. Ya ajiye wayar. Ya zaga ɗaki, ya zaga tsakar gida, ya dawo ya tsaya a kan Maman Biyu yana kallon yadda take yanka yadi. Ta haƙura na minti goma, sannan ta miƙa masa almakashi da tsummoki, ta ce ya zauna can nesa da keken ya yanke mata zare.